Jimmy Peters, kafintan da Ingila ta sa wa riga ta kuma tuɓe masa

Ranar 17 ga Maris, 1906, 'yan wasan zari-ruga na Ingila su goma sha biyar suka fito filin Inverleith da ke birnin Edinburgh domin karawa da Sikotlan. A cikinsu akwai wani kafinta ɗan shekara 26 mai suna James Peters, wanda aka fi sani da Jimmy. Uwarsa Baturiya ce, ubansa kuwa baƙar fata ne daga tsibirin Jamaika. Shi ne baƙar fata na farko da ya taɓa sa farar rigar Ingila a wannan wasa. Ingila ta yi nasara da maki 9 da 3, kuma sau biyu daga hannunsa ƙwallon ya fito kafin a ci.

Mako guda kafin wannan rana sojojin Turawa suka ƙone garin Satiru kusa da Sakkwato. A watan Afrilu aka ci Haɗeja da yaƙi, a shekarar kuma Muhammadu Dikko ya hau sarautar Katsina. Wannan ne zamanin da Peters ya yi wasansa: lokacin da Bature ya sakankance cewa Allah ya ɗora shi a kan sauran launukan fata, kuma yana tabbatar da haka da bakin bindiga.

Mutumin Daudawa yana iya tambaya, ina ruwansa da wasan da ko ƙwallonsa bai taɓa riƙewa ba? Akwai ruwansa, ta hanyar auduga. A 1902 masu masaƙun Lancashire suka kafa kamfanin BCGA a Manchester domin nemo auduga daga ƙasashen da Ingila ke mulka. Shi ne ya kakkafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau. A Daudawa Turawa suka buɗe babbar gonar iri, inda ake ninka irin auduga a rarraba wa manoma. Abin da aka cira a gonakin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa jirgin ƙasa ne ke kwasarsa zuwa Legas, jirgin ruwa ya kai shi Liverpool, daga nan sai masaƙun garuruwa irin su Oldham da Rochdale. Leburorin waɗannan masaƙu da 'yan uwansu masu haƙar kwal su ne suka tayar da rigimar da ta raba zari-ruga gida biyu, rigimar da ta cinye Peters daga baya. Gumin manomin nan da gumin masaƙin can zare ɗaya ne ya ɗaure su.

Yaron da aka yasar

An haifi Peters ranar 7 ga Agusta, 1879, a Salford, maƙwabciyar Manchester. Mahaifinsa, George, yana aiki ne da masu yawon nuna wasan dabbobi gari-gari, kuma masu tarihin wasan sun ruwaito cewa zaki ne ya kashe shi a cikin keji. Yaron ya tashi a hannun wasu masu irin wannan sana'a, yana hawan doki ba sirdi yana nuna bajinta don 'yan kallo su biya. Yana ɗan shekara 11 ya karye a hannu. Da masu wasan suka ga ba shi da sauran amfani a wurinsu, sai suka yasar da shi suka yi gaba. A 1890 aka kai shi gidan marayu na Fegan da ke Southwark a Landan, daga baya aka mayar da shi wani gidan marayun a Greenwich.

A can ne aka gane baiwarsa. Gudu, tsalle, kurket, zari-ruga, duk wanda aka sa shi sai ya yi fice, har ya zama shi ke jagorantar yaran gidan. An kuma koya masa ɗab'i da aikin kafinta, kuma kafintar ce ta ciyar da shi tsawon rayuwarsa, ba ƙwallo ba.

Ga wanda bai san wasan ba: ƙwallon zari-ruga mai siffar ƙwai ne, a hannu ake ɗaukarsa a ruga da shi. Ba a jefa wa abokin wasa shi ta gaba, sai baya ko gefe. Abokin gaba yana da damar ya rungumo ka ya maka ka da ƙasa. Babban ci shi ne ka dangwala ƙwallon a ƙasa bayan layin abokan gaba, wanda a zamanin Peters maki 3 ne. Akwai 'yan gaba takwas, ƙarfafa, masu turereniya don a ƙwato ƙwallo, akwai kuma 'yan baya masu gudu. Peters a tsakaninsu yake tsayawa. Da ƙwallo ya fito daga turereniya hannunsa yake zuwa, shi ne zai yanke shawara cikin ƙiftawar ido: ya jefa, ya buga, ko ya kutsa da kansa. Gurbi ne na mai kai, kuma wannan ma ya ƙara wa masu ƙinsa haushi, domin ba su so a ce baƙar fata ne ke juya Turawa sha huɗu.

Sulai shida

Kafin a fahimci abin da ya faru da shi, sai an koma baya kaɗan. 'Ya'yan manya da suka fito daga makarantun kuɗi su ne suka kafa hukumar zari-ruga ta Ingila, RFU, a 1871. Lauyoyi ne da likitoci da 'yan kasuwa, wasa a wurinsu motsa jini ne na ranar Asabar. Amma cikin 'yan shekaru wasan ya bazu a arewacin ƙasar, a Yorkshire da Lancashire, leburori suka karɓe shi, suka fi masu shi iyawa. Dubban mutane suka riƙa biyan kuɗin ƙofa don su kalli 'yan unguwarsu.

Sai dai leburan masaƙa yana aiki ranar Asabar har azahar. Idan ƙungiyarsa za ta je wasa wani gari, dole ya bar aikin safe, a yanke masa lada. Idan ya ji rauni ya kwanta mako biyu, ba mai ba iyalinsa ko burodi. Ƙungiyoyin arewa suka nemi a yarda su riƙa mayar wa ɗan wasa abin da ya rasa na yinin, ba albashi ba, diyya kawai. Hukumar ta riga ta kafa doka tun 1886 cewa duk wanda ya karɓi kuɗi saboda wasa ya haramta. A babban taron 1893 aka jefa ƙuri'a, masu neman diyya suka sha kaye da 282 da 136.

Abin da ya sami Dicky Lockwood ya nuna yadda dokar take aiki. Lebura ne ɗan Yorkshire, kuma shi ne kyaftin ɗin Ingila a 1894 lokacin da suka lallasa Wales da maki 24 da 3. Da wasan Sikotlan ya zo, ya ce ba zai iya barin aiki ya yi tafiyar Edinburgh ba. Hukumar ba ta taimaka masa ba, ta ma hana shi yi wa ƙungiyarsa ta Heckmondwike wasa a ranar. Bai sake sa rigar Ingila ba, daga baya ya koma Wakefield Trinity.

Ranar 29 ga Agusta, 1895, wakilan ƙungiyoyin arewa suka haɗu a otal ɗin George da ke Huddersfield, ƙungiyoyi 22 suka ɓalle suka kafa tasu hukumar, Northern Union. Suka tsayar da diyyar sulai shida a yini. A 1906 suka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13 don wasan ya ƙara sauri, a 1922 suka sauya suna zuwa Rugby League. Ita kuwa tsohuwar hukumar sai ta ja daga: duk wanda ya taka filin 'yan arewa, ko da bai karɓi ko ɗari ba, an kore shi har abada.

A ganina dokar nan ba tsarkin wasa take karewa ba, matsayin masu hali take karewa. Lauyan da ya rufe ofis ranar Asabar bai rasa komai ba, don haka yana da sauƙi ya ce kuɗi ƙazanta ne. Kuma Ingila ta ɗanɗana kuɗarta. Da gwanayen arewa suka tafi, tun daga 1892 ba ta sake cin gasar ƙasashen Birtaniya ba sai 1910. A wannan fari ne aka waiwayi Peters.

Daga Bristol zuwa Plymouth

Aikin kafinta ya kai shi Bristol, a kudu maso yamma, yankin da ya tsaya a ƙarƙashin tsohuwar hukuma. Ya fara da ƙananan ƙungiyoyin unguwa, sannan ya yi wa babbar ƙungiyar Bristol wasa 35 tsakanin 1900 da 1902. Tun a nan ya fara shan baƙar magana. Wani ɗan kwamitin ƙungiyar ya ajiye muƙaminsa don an sa shi a wasa, wata jaridar garin kuma ta zarge shi da tare wa farar fata gurbi. Laƙabin da aka liƙa masa ma na launin fatarsa ne, kuma da shi jaridu suka yi ta kiransa har ya daina wasa.

A 1902 ya koma Plymouth, ya kama aiki a tashar gyaran jiragen ruwan soja ta Devonport. Ya shiga ƙungiyar Plymouth, aka kuma ɗauke shi a tawagar lardin Devon. Nan ne ya sami mutanensa. 'Yan kallon Plymouth ma'aikatan tashar jirgi ne irinsa, tare suke shiga aiki, tare suke tashi, kuma sun san abin da yake yi a fili. Devon ta ci gasar larduna ta 1906 bayan ta doke Durham, Peters ne ke juya wasan. A daidai lokacin Ingila na cikin halin ni-'yasu: New Zealand ta ci ta 15 da nema a Disambar 1905, Wales ta ci ta, Ailan ta ci ta. Jaridun yammacin ƙasar suka yi ta kiraye-kirayen a ɗauki Peters, masu zaɓe suna kau da kai, sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada sannan suka kira shi.

Kwana biyar bayan nasarar Edinburgh, ranar 22 ga Maris, Ingila ta je Paris ta yi wasanta na farko a tarihi da Faransa. Ta ci 35 da 8, Peters da kansa ya dangwala ƙwallo a bayan layi. A tawagar Faransa ma akwai baƙaƙen fata biyu a ranar, Georges Jérôme da André Vergès.

Ranar da baƙi suka ƙi fitowa

A kakar 1906 tawagar Afirka ta Kudu ta zo rangadinta na farko a Birtaniya, shekara huɗu bayan ƙare yaƙin Boer, ƙarƙashin jagorancin Paul Roos. Dukkansu farare ne. A wannan tafiya aka fara kiransu Springboks. Ranar 17 ga Oktoba aka shirya su kara da Devon a Plymouth, mutum wajen 20,000 suka cika fili.

Labarin da aka fi ruwaitowa shi ne, da baƙin suka ga akwai baƙar fata a cikin 'yan Devon, sai suka ce ba za su fito ba. A duba yadda abin yake: fili ya cika maƙil, yawancin mutanen sun biya kuɗin ƙofa ne daga ladan mako, kuma wanda ake cewa a cire shi ne gwaninsu, abokin aikinsu. Devon ba ta cire shi ba. Sai da manyan baƙi suka sa baki, suka nuna wa 'yan wasan cewa in ba su fito ba taron zai iya rikiɗewa ya zama tarzoma, sannan aka yi wasan. Afirka ta Kudu ce ta yi nasara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya, domin wannan ba baƙi ne suka yi shi ba. Ranar 8 ga Disamba Ingila ta karɓi Afirka ta Kudu a Crystal Palace, aka tashi 3 da 3. Babu Peters a tawagar. Mutumin da ya fitar da su kunya a Edinburgh wata tara da suka wuce, aka ajiye shi a gefe. Lardinsa ya tsaya masa, ƙasarsa ta zaɓi ta faranta wa baƙo.

An sake kiransa a 1907 ya yi wasa da Ailan da Sikotlan. Na ƙarshe shi ne na Janairun 1908 da Wales a filin Ashton Gate na Bristol, cikin hazo mai kauri har 'yan kallo ba sa ganin tsallaken fili, Wales ta ci 28 da 18. Wasa biyar ke nan, daga nan ba a sake nemansa ba.

Yatsu uku

A 1910 ya yi hatsari a wurin aiki, ya rasa yatsu uku. Kafinta ne, kuma ɗan wasan da dukkan gwanintarsa a kama ƙwallo da jefa shi take. Duk da haka ya warke ya koma fili. An ruwaito cewa ƙungiyarsa ta shirya masa gudummawa don ya rage asara, hukumar kuma ta ɗauki wannan a matsayin biyan kuɗin wasa. A 1912 ta shiga binciken ƙungiyoyin Devon, inda wasu ke shirin komawa tsarin 'yan arewa. Aka dakatar da 'yan wasa da shugabanni da dama, har da Peters, ƙungiyar Plymouth ta wancan lokaci ta wargaje.

Ƙofa ɗaya ta rage masa. A 1913, yana ɗan shekara 34, ya koma arewa maso yamma inda aka haife shi, ya shiga ƙungiyar Barrow ta Northern Union, a garin masu ƙera jiragen ruwa. A 1914 ya koma St Helens. Ƙarfi ya riga ya ja baya, sabon wasan kuma ya fi tsohon gudu, ga yaƙin duniya ya ɓarke a watan Agusta. Bai daɗe ba ya ajiye. Amma a can ne karo na farko da aka biya shi a fili, ba a ɓoye ba, ba tare da wani ya kira abin laifi ba. Ya koma Plymouth ya ci gaba da rayuwarsa da iyalinsa, ya rasu ranar 26 ga Maris, 1954, yana da shekara 74, aka binne shi a maƙabartar Ford Park.

Wasan leburorin bai kuɓuta daga wariya ba, amma ya riga ɗan uwansa buɗe ƙofa da nisa. Tun 1912 ƙungiyar Hunslet ta ɗauki Lucius Banks, baƙar fata ɗan Amurka. Roy Francis ya yi wa Birtaniya wasa a 1947. Clive Sullivan ne kyaftin ɗin da ya ɗaga mata kofin duniya a 1972. A ɓangaren masu hali kuwa, bayan Peters sai da aka yi shekara 80 kafin wani baƙar fata ya sake sa rigar Ingila, kuma jinin Nijeriya ne: Chris Oti, wanda a 1988 ya ci Ailan sau uku a wasa ɗaya a Twickenham. Victor Ubogu da Steve Ojomoh da Adedayo Adebayo, dukkansu haifaffun Nijeriya, suka biyo baya. A wasan leburori kuwa, Martin Offiah, shi ma iyayensa 'yan Nijeriya ne, Wigan ta saye shi daga Widnes a kan fam 440,000 a 1992. A 1995, shekara ɗari cif bayan taron Huddersfield, tsohon tsarin ya sallama, aka halatta biyan 'yan wasa. A 2025 aka ba Maro Itoje, shi ma jinin Nijeriya, kyaftin ɗin Ingila.

Mu a nan gida

Bahaushe bai taɓa ganin aibu a ladan ɗan wasa ba. Da kaka ta yi, amfani ya shigo gida, 'yan dambe da 'yan kokawa suna bin gari-gari. Wanda ya yi kisa a fage a nan take ake yi masa kari, kuɗi ko riga, a gaban kowa, makaɗi yana wasa shi. Haka Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan Shago. A Nijar tun 1975 ake gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa, zakara ya tafi da takobi da kuɗi da kyaututtuka. Muna kuma da wasan manya, folo, wanda Sarki Dikko ya kafa a Katsina, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kai. Mai doki biyar ba ya jiran lada, ba kuma wanda ya taɓa cewa don haka a hana ɗan dambe nasa. A wannan fuska kakanninmu sun fi hukumar Landan adalci.

Inda muka gaza shi ne ƙwallon ƙafa, wasan da ya mamaye matasanmu yau. A je kowane filin makaranta a Daudawa ko Faskari ko Sabuwa bayan la'asar. Yaran da ke gudu a wurin da safe suna gona ne, wani a tasu, wani a ƙodago, wani kuma yana gareji ko shagon walda. Idan an sa gasa a Funtuwa ko Ƙanƙara, yini guda ya tafi. Shi zai nemi kuɗin mota, shi zai sayi takalmin gwanjo, ga hanyoyin yankin da matsalar tsaro ta sa ba a bin su da kwanciyar rai. Wanda ya sa kofin, sau da yawa ɗan siyasa ne da zaɓe ya ƙarato, zai zo ranar ƙarshe a ɗauki hoto. In yaro ya karye a wasan zagaye na biyu, abokansa ne za su ɗora shi a babur su kai shi wurin mai ɗori, uwarsa ta sayar da akuya. Damina ta wuce shi yana kwance. Ko a manyan ƙungiyoyin ƙasar nan, kukan 'yan wasa kan albashin da aka riƙe musu ba baƙon abu ba ne a kafafen labarai.

Wannan ita ce tambayar da leburorin Oldham da Huddersfield suka yi a 1893, kuma har yanzu ba mu amsa ta ba a filayenmu. Masu shirya gasa a ƙananan hukumominmu, da shugabannin ƙungiyoyin unguwa, da attajiran da ke sa kofi: kafin a sayi kofin da rigunan da aka buga wa hoto, a fara ware kuɗin mota da ladan yinin da yaro zai rasa, a kuma ajiye wani abu a hannun amintaccen mutum don wanda zai ji rauni. A faɗa wa iyaye adadinsa tun kafin a busa usur ɗin farko.